Ruwan Majil ɗin Dada Marzuga

SHAFI NA 23

To 'ya'yana, na ga saƙonninku, har da mai cewa in na ƙara kwana biyu shiru za ta biyo ni har ɗaki. Gwiwa ce ta riƙe ni, ba rowa ba. Ku matso.

Ga inda muka kwana, don wanda ya shigo a makare. Jiya ɗan aike ya zo garin Hanshir daga birni da ambulan, an rubuta "Lazhar Bin Rahuma" a bayansa. A da babu mai rikita wannan suna. Akwai Si Lazhar Bin Rahuma, fari, mai masana'antar narka tsofaffin batira, gidansa na gabas da kwari. Akwai kuma Lazhar Atig Bin Rahuma, baƙi, lebura a gaban tukunyar dalma, gidansu na yamma da kwari, inda hayaƙin yake sauka. Kalmar atig ɗin nan, wato 'yantaccen bawan gidan wane, ita ce katangar da ta raba su. To bara kotu ta yarda aka goge musu ita daga takardun haihuwa, sunaye biyu suka koma ɗaya. Ɗan aike baƙo ne. Ya tambayi gidan Lazhar na masana'anta, aka nuna masa ƙofar Dada Marzuga, uwar leburan.

Yau kuma ranar walimar auren autan Si Lazhar.

*

"Karanta min kuma," in ji Marzuga.

"Yumma, sau huɗu ke nan."

"Na biyar nake so. Ni ban yi makaranta ba, sai an maimaita min abu yake zama."

Awatif, ɗiyar Marzuga da ke aikin jinya a birni, ta sake buɗe takardar. Wasiƙar wani likita ce, da Faransanci ya rubuta, tana bi tana juyawa.

"Zuwa ga Si Lazhar. Yara goma sha ɗaya da aka ɗebi jininsu a makarantar yamma, dukansu akwai dalma a jikinsu fiye da kima. Tun shekara uku na gaya maka ƙurar bututunka tana sauka a kan rufin ɗakunansu, ruwan sama ya wanke ta zuwa cikin majil, su ɗiba su sha. Na ce a gaya musu. Ba a gaya musu ba. Takardar lafiyar da kake so in sa wa hannu, ba zan sa ba."

"Sunayen."

Ta karanta sunayen, ɗaya bayan ɗaya. Leɓen Marzuga na motsi tana bin ta.

"Lambar jikata Wijdan nawa kika ce?"

"Arba'in da bakwai."

"Ta mai lafiya fa?"

"In ta haura biyar, likita ya fara damuwa."

Marzuga ta juya ta dubi majil ɗin da ke tsakar gida, wato rijiyar tara ruwan sama. Marigayi mijinta ne ya haƙa shi da hannunsa, ya shafe shi da siminti, ya jawo masa indararo daga rufi. Duk kudu an san babu ruwan da ya kai na sama daɗin shayi, duk Hanshir kuma an san babu majil kamar nata. Da shi take alfahari. Da shi ta yi wa jikarta kunu tun tana rarrafe.

Sai ga jikar ta fito daga ɗaki, hannu wofi. Wijdan, ɗiyar Lazhar, shekara tara. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza goshi.

"Kaka, me ma kika ce in ɗauko?"

Ta riga ta ɗaga kafaɗa ta kare kai, tana jiran dukan ludayi.

Wannan ɗaga kafaɗar ita ta karya Marzuga. Yarinyar nan tana shekara biyar ta haddace ƙananan surori kaf, tana gyara wa manya lissafin canji a kanti. Yanzu a aike ta ɗaki ta manta kafin ta kai ƙofa. Ciwon kai, ciwon ciki, fushi babu dalili. Malamin ajinsu ya ce a gaban yara, "Ku dama ba a ba ku kan karatu ba, a kai ta ta koyi rawa." Marzuga ta ji zafin maganar, ta dawo gida ta huce a bayan yarinyar. Shekara biyu tana dukanta wai lalaci ne.

"Zo nan, uwata."

Yarinyar ta matso a ɗarare.

"Tulun ƙasa na ce, amma bar shi. Ki yafe min."

"Me kika yi, Kaka?"

"Na dake ki a kan laifin wani."

Wijdan ta sauke kafaɗa. Can ta ce, "To yau ba duka?"

"Babu yau, babu gobe."

Ɗanta Lazhar yana zaune a kan bulo tun ɗazu. Hannayensa duk tabon ƙuna. Ya miƙe.

"Galan ɗaya na fetur ya ishi wurin nan."

"Zauna."

"Yumma, ni nake hura wutar da ke cin kan 'yata. Da hannuna."

"Na ce zauna. Ka banka wuta, a ce baƙi ya haukace, a ɗaure ka, shi ya gina sabuwa da ta fi wannan tsawon bututu. Sai me?"

"To mu kai takardar ga hukuma," in ji Awatif.

"Za a kai. Amma takarda sai ya ce ta jabu ce. Shekara nawa muka yi a kotu kafin a goge mana kalma ɗaya tak? Abin da bakinsa ya faɗa a gaban mutum ɗari kuwa, ba ya komawa ciki. Daga bakinsa nake so."

Ta shiga ɗaki da kanta ta ɗauko tulun, ta zura guga a majil, ta cika shi.

Awatif ta nuna jarkoki biyu shuɗɗa da ke jingine a zaure. "Waɗannan fa? Yau Alhamis."

Fuskar Marzuga ta canza. "Ba za a sake cika su ba."

"Za ki gaya mata?"

"Zan gaya mata. Bari dai in fara da shi."

Ku riƙe jarkokin nan a ranku, 'ya'yana, za mu dawo kansu.

*

Tun kaka da kakanni, in ana biki a gidan Bin Rahuma, mutanen yamma ne ke ƙetare kwari su yi hidima. Mata a gaban murhu, maza da ganguna. Marzuga ce shugabar murhu. Uwarta ce ta shayar da ita tare da Si Lazhar, nono ɗaya, ta girme shi da wata biyar. Da ta haifi namiji ta sa masa sunansa. Ita ta yi renon 'ya'yansa duka, shi ya sa gidan kowa ke ce mata Dada.

Tana shiga madafa Lalla Nafisa, matar Si Lazhar, ta tare ta, zinariya har gwiwar hannu.

"Dada, sai yanzu? Na ce ko kin samu miji a hanya."

"Wanda na samu ba haƙori, na bar miki."

"Ni da nake neman inda zan kai nawa." Ta rage murya. "Direba bai samu zuwa ba yau saboda hidima. Gobe zai zo."

"Za mu yi magana, Lalla."

"Lafiya dai?"

"Kuskus ɗinki zai ƙone."

Wata ƙaramar yarinya ta rugo ta rungume ƙafar Marzuga. Ilaf ce, jikar gidan, shekara huɗu, gashi kamar na 'yar tsana. Ba ta cika magana ba. Kalma ɗaya, kalma biyu, shi ke nan. An kai ta wajen malamai uku, kowa ya ce baki ne ya kama ta saboda kyau.

"Dada," in ji ta.

Marzuga ta shafa kanta, ta daɗe hannunta na kai. Sannan ta ɓoye tulunta a bayan buhunan gari ta kama aiki.

Ana gab da azahar aka ce Si Lazhar na kiranta a ɗakin ajiyar man zaitun. Ta same shi tsaye cikin farar jabba da jar hula, turare na tashi. Ya tura ƙofa.

"Dada, an ce wata takardata ta yi ɓatan kai."

"Taka? Sunan ɗana na gani a kai."

"Wannan wasan kotun naku ne ya jawo. Da kun bar suna yadda kakanni suka bar shi, da ba a yi haka ba."

"Da ba mu san abin da muke sha ba."

Ya yi ajiyar zuciya, ya sassauta murya irin ta lokacin da yake yaro in yana son ta rufa masa asiri.

"Ke 'yar'uwata ce. Nono ba wasa ba ne. Saurara. Ina da gida a birni kusa da teku, babu kowa a ciki. Ku koma can gobe. Wijdan a kai ta babban asibiti, akwai maganin da ke fitar da abin daga jini, ni zan tsaya. Lazhar in ɗauke shi daga gaban wuta in sa shi a ofis. Ke dai ki ba ni takardar, a gama biki lafiya."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyar Marzuga ta yi rawa. Ta hango Wijdan da jakar makaranta a titin birni, iska mai tsabta, babu mai kiranta daƙiƙiya. Takardar na nan a ƙirjinta cikin riga. Hannu kawai za ta sa.

"Sauran goman fa?"

"Sauran goman ba da uwarsu na sha nono ba."

"Ka gaya min abu ɗaya, Si Lazhar. Kana da fili a gabas, ya fi wancan girma, ga shi bakin titi. Me ya sa ka gina a yamma?"

"Iska ce take kai hayaƙi, Dada. Ni na halicci iska?"

"Ba kai ka halicce ta ba, amma ka auna ta. Ka manta mutanen nan da suka zo da ƙyalle a kan sanda? Wata uku suna rubuta inda yake kaɗawa. Ni na dafa musu abinci. Na ɗauka ma ruwan sama suke nema mana."

Ya kau da kai. "Dole a gina a wani wuri. Mutum sittin na ci a wurin nan, yawancinsu naku ne. Kuma ku jikinku da ƙarfi, kun saba."

"Mun saba."

"Tsakani da Allah, Dada, mu bar ruɗin kai. Yaran nan likitoci za su zama? Ko da hayaƙi ko babu, ƙarshenta dai ganga ce da murhu."

Hannun Marzuga da ya fara hawa ƙirji ya sauka a hankali. Ta yi masa murmushi, irin wanda take yi wa kaza kafin ta kira mai wuƙa.

"Shi ya sa shekara uku ba ka sha shayi a gidana ba. Ni kuma ina ta cewa ko sukari ne ya kama ƙanena."

"Me kika yanke?"

"Bari in ba da shayin biki. Bayansa za ka ji amsa."

"Haka nake so. Akwai ruwan roba katan-katan a madafa, ki ɗiba."

"Na gani."

*

Bayan an ci kuskus da naman rago, maza suka baje a ƙarƙashin babbar rumfa. Dangin amarya daga birni a sahun gaba, tsakiyarsu uban amarya, Si Abdulhafiz, tsohon alƙali mai farin gemu. Malamin makarantar yamma ma yana nan yana sakace haƙori. Can gefe, cikin rana, masu ganga na yamma su tara, suna kiɗa a hankali.

Al'adar gidan ce, kofin shayi na farko daga hannun Dada yake fita zuwa hannun uban ango. Sai ya shanye kafin kowa ya taɓa nasa. Wanda ya mayar da kofin nan ya mayar da nonon da ya sha, kuma ba a taɓa yi ba.

Marzuga ta shigo, Awatif na biye da ita da kaskon gawayi da faranti. Ta zauna a kan tabarma a tsakiya, ta jera kofuna. Sannan ta ajiye tulun ƙasa, ƙwal, inda kowa zai gani.

"Jama'a, yau babu ruwan roba. Auren auta ne, na ce sai na yi wa ƙanena gata. Ruwan majil ɗina ne, na ruwan saman farko na bana, wanda ya wanko rufi tas."

"Ruwan majil?" in ji Si Abdulhafiz. "Rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Baiwar Allah, ki cika min nawa."

"Sai uban ango ya sha, ranka ya daɗe."

Si Lazhar ya zama kamar an shafa masa toka. Ita kuwa ba ta ko dube shi ba. Ta dafa shayinta a natse, ta ɗaga buta sama tana zubawa, tana mayarwa, har kumfa ta hau. Ƙamshin na'ana'a ya cika rumfar. Ta miƙe da ƙyar saboda gwiwa, ta je gabansa ta miƙa da hannu biyu.

"Bismillah."

"Dada, kin san sukari."

"Ban sa a naka ba."

"Likita ya hana ni shayi."

"Wanne likitan? Mai rubuta wasiƙa?"

Ba wanda ya gane, amma aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Da safe kofi uku ya sha, ni shaida ne."

Si Lazhar ya sunkuyo kamar zai karɓa, ya raɗa mata, "Ki tuna da Wijdan."

"Ita nake tunawa."

Ya dube ta, ya dubi jama'a. Mutumin nan ba wawa ba ne. Ya san abin da likita ya gaya masa, cewa wannan guba ba ta kofi ɗaya ba ce, ta yau da gobe ce, kuma ƙananan yara ta fi ci. Sai ya karɓa, ya ɗaga kai, ya shanye tas. Ya kife kofin a faranti.

"Hannunki bai tsufa ba, Dada. A ba baƙi."

Aka tafa. Ganguna suka ɗaga.

Marzuga ta koma tabarmarta. Ya sha. Ya sha yana murmushi. Gidan teku ya tafi, asibiti ya tafi, gobe zai kori ɗanta, kuma ba ta samu ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Awatif ta sunkuyo.

"Yumma, yanzu fa?"

"Zuba wa mutane. Kofi ɗaya ba ya kisa, ke kika ce."

Ana cikin zubawa Ilaf ta kutso ta tsakanin ƙafafun manya, ta haye cinyar Marzuga kamar yadda ta saba. Kafin a ankara ta ɗauki kofi daga faranti da hannu biyu, ta kai baki.

Allah shaida, hannun Marzuga ya riga ya tashi zai karɓe. Amma wani ya riga ta.

Si Lazhar, mai shekara sittin da bakwai, ya tsallake faranti kamar saurayi, ya kaɗe kofin daga hannun yarinyar. Kofin ya daki turken rumfa ya tarwatse.

"Kar ta sha! Akwai dalma a ruwan nan, yana lalata kan yara!"

Ganguna suka tsaya.

Ilaf ta fashe da kuka, ta cusa fuska a ƙirjin Marzuga. Si Abdulhafiz ya dubi kofin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali.

"Dalma, Si Lazhar? A ruwan da ka ce a ba baƙi?"

"Ba haka nake nufi ba. Zafi ne, shayin da zafi."

Marzuga tana jijjiga yarinyar, muryarta a kwance.

"Maimaita, ƙanena. Masu ganga suna cikin rana, ba su ji da kyau ba."

"Dada, ya isa."

"Lazhar." Karo na farko ke nan tun suna yara da ta kira sunansa babu Si. "Ka ce yana lalata kan yara. Yaran wa?"

Si Lazhar ya hau gyaran hularsa.

"To bari in taya ka. Ni ban iya karatu ba, amma kaina bai riga ya lalace ba, da girmana hayaƙinka ya same ni." Ta ɗaga murya. "Anis ɗan Mas'ud."

Wani mai ganga ya ɗago kai.

"Rihab ɗiyar Bilal. Ƙanenta Ziyad. Tasnim ɗiyar Farhat, wadda aka ce aljanu ne ke kayar da ita."

Farhat ya saki makaɗinsa ya faɗi ƙasa.

Haka ta bi su, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har ta kai ga ta goma sha ɗaya. "Wijdan ɗiyar Lazhar, takwaranka. Arba'in da bakwai, inda ake tsoron biyar." Ta juya wajen malamin makaranta. "Malam, kai ka ce ba a ba mu kan karatu ba. An ba mu. Ga wanda ya karɓe."

Malamin ya sunkuyar da kai.

Ta zaro takardar daga rigarta ta miƙa wa Awatif. "Kai wa alƙali. Shi ya iya Faransanci."

Si Abdulhafiz ya sa tabarau. Ba ka jin komai sai kukan Ilaf da ƙarar gawayi. Masu ganga tara sun baro rana sun shigo inuwar rumfa, abin da ba su taɓa yi ba, kuma babu wanda ya ce su koma.

"Shekara uku," in ji tsohon, bai ɗago ba. "An rubuta a nan ka sani tun shekara uku."

"Sharri ne. Matar nan an zuga ta. Ni da na riƙe su kamar 'yan'uwa."

"Wace dalma?"

Muryar mace ce. Lalla Nafisa ce tsaye a bakin rumfa, kukan jikarta ya fito da ita, ko mayafi ba ta gyara ba.

"Koma ciki, Nafisa."

"Na ji ka tun daga madafa. Wane ruwa ne ke lalata kan yara?"

"Na yamma. Bai shafe mu ba. Ai na hana a shigo da shi gidan nan tuntuni."

"Ka hana." Ta tako cikin maza, zinariyarta na kaɗawa. "Ka hana, ba ka ce don me ba. Na ɗauka ƙyamarka ce ta motsa, irin ta tsufa."

"Me kike cewa?"

"Ruwan roba yana kumbura wa yarinyar nan ciki. Uwata ta ce ba abin da ya kai ruwan sama ga jariri. Duk Alhamis direba na zuwa wajen Dada ya karɓo min jarka biyu, ta ƙofar baya." Ta nuna yarinyar. "Tun Ilaf na wata takwas da shi ake dama mata madara. Da shi take shan ruwa. Har yau da safe."

Si Lazhar ya ja da baya. Ya dubi yarinyar da ke cinyar Marzuga, shekara huɗu, ba ta taɓa haɗa kalma uku ba. Ya juyo ga Marzuga.

"Kin sani kika ba ta."

"Jiya na sani. Kai ka sani tun tana cikin zani. Da ka buɗe baki sau ɗaya ka gaya wa bayin gidanku, da taka ta tsira." Ta share wa Ilaf hawaye da gefen mayafinta. "Ni na yi renonta, Lazhar. Da na san abin da ke ciki, da na sha shi ni kaɗai. Ka haƙa ramin, ka auna iska, ka manta ruwa ba ya tambayar launin mai sha."

Si Lazhar ya zauna a ƙasa cikin fasassun kofi, jar hular ta gangara gefe.

Ilaf ta ɗago ta nuna tulun. "Dada. Ruwa."

Lalla Nafisa ta toshe baki da hannu biyu.

Marzuga ta jawo tulun ta kife shi, ruwan ya bi ƙasa har ƙarƙashin farar jabbarsa.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa alƙali, "akwai biro a aljihunka?"

"Akwai."

"Likita ya rubuta goma sha ɗaya. A ƙara ta goma sha biyu a ƙasan Wijdan. Ilaf Bin Rahuma. Ba sai an bar fili a tsakani ba, yanzu ai sunan duk ɗaya ne."

Tsohon ya cire murfin biro.

A lokacin ne Awatif ta dafa kafaɗar uwarta.

"Yumma, ina Yaya Lazhar? Tun azahar ban gan shi ba."

Marzuga ta waiga yamma. Yau ranar biki ce, an kashe tukunyar dalma tun jiya, bututu ba ya aiki.

Amma ga hayaƙi can yana tashi daga masana'antar, baƙi ƙirin.